Kuluwa Yanzu-Yanzu da Ƙwan Amana

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Ke Lantana, bar tsokanar ƙanwarki, in ba haka ba na naɗe tatsuniyata na sa a aljihu.

A wani gari da ke bakin wani babban tafki, an yi wata mata mai toya ƙosai, sunanta Kuluwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure a wasu garuruwa, ita kaɗai ce a gidanta. Tana da kirki, tana da kyauta, amma Allah ya ɗora mata gaggawa. In ta ɗora kasko, sai ta yi ta cusa itace har wuta ta lashi bakinsa, ƙosai ya ƙone ta waje, cikinsa ɗanye sharaf. In ta shuka gyaɗa yau, jibi ta tono ta ga ko ta tsiro. In ta shanya wanki, da danshinsa take kwashewa. Duk abin da aka ce mata, amsarta ɗaya ce: “Yanzu-yanzu!” Har sunan ya bi ta, yaro da babba kowa Kuluwa Yanzu-Yanzu yake ce mata.

A zamanin nan kuwa agwagwa ba ta zama a gidan mutane. A bakin ruwa take, cikin ciyawa, can take kwana, can take ƙwai.

Ran nan da safe Kuluwa ta ɗauki ƙwaryar wakenta ta tafi tafki wankewa, sai ta tarar da taro a cikin ciyawa. Ga Kaza, ga Zabuwa, ga Gizo, ga Jaki a tsaye yana kaɗa kunne. A tsakiyarsu Agwagwa ce kwance tana nishi. Ashe Dila ne ya kai mata cafka da asuba, ta kuɓuce da ƙyar, amma ya karya mata fiffike da ƙafa ɗaya. Jaki ya zo ne ya kai ta ƙetaren tafki wajen Kunkuru maɗori, kuma kun san aikin Kunkuru, ɗorinsa na da kyau amma sai an yi wata biyu. Ga kuma ƙwanta goma sha biyu a sheƙa, jiya-jiya ta fara kwanci a kansu.

Agwagwa ta ce, “Jama'a, wa zai riƙe mini amana? In ƙwan nan suka huce, shi ke nan na yi asarar 'ya'yana.”

Kaza ta ce, “Kwana nawa ake yi a kansu?”

Agwagwa ta ce, “Talatin da biyar.”

Kaza ta ja da baya, ta ce, “A'a, ƙawata. Ni nawa ashirin da ɗaya ne, kuma kafin su cika ƙashin ƙirjina ya fito. Ba zan iya ba.”

Zabuwa ta ce, “Ni zan iya!”

Agwagwa ta ce, “Ina naki ƙwan na bara?”

Zabuwa ta sosa kai, ta ce, “Wallahi na manta inda na zuba su.”

Sai Gizo ya matso, kun san shi da tsamin baki. Ya ce, “Yanki ya daɗe, ni ƙafa takwas gare ni. Kowace ƙafa ta rungume ƙwai ɗaya, huɗun da suka rage in ɗora musu ciki.”

Agwagwa ta dube shi, ta ce, “Gizo, goge yawun da ke zuba a bakinka tukuna.”

Nan Kuluwa ta ajiye ƙwaryarta, ta ce, “Ba ni su. Yanzu-yanzu zan ƙyanƙyashe miki.”

Kaza ta fashe da dariya har tana faɗuwa. Ta ce, “Ke? Ke da ba ki iya jiran ƙosai ya soyu ba? In kika fitar da ko ɗa ɗaya daga ƙwan nan, ni Kaza na yarda in yi miki sharar tsakar gida har abada.”

Maganar ta yi wa Kuluwa zafi, amma ta haɗiye. Agwagwa ta daɗe tana kallonta. Rana tana ɗagawa, ƙwai suna hucewa, ba ta da wani zaɓi. Ta ce, “Baiwar Allah, durƙuso ki ji. Abu uku nake so ki riƙe. Na ɗaya ɗumi: kamar ɗumin hammatarki, kada ya fi, kada ya gaza. Na biyu juyi: safe, rana da yamma, ki juya kowane ƙwai, don kada ɗan ya manne a gefe ɗaya. Na uku yayyafi: ni in na je wanka da jiƙaƙƙen gashi nake dawowa in kwanta musu, to ke ma ki riƙa yayyafa musu ruwa mai ɗumi kaɗan. Ranar fitowa kuma, ko kin ji suna kuka a ciki, kada ki taya su. Kin ji?”

Kuluwa ta ce, “Na ji, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya.”

Ta zubar da waken, ta shimfiɗa lallausan gashin da Agwagwa ta fige daga ƙirjinta a cikin ƙwaryar, ta jera ƙwan, ta rufa da gyalenta. Jaki ya ɗauki Agwagwa suka tafi.

Da Kuluwa ta isa gida sai ta ɗauko tsohuwar kwatarniya, wato babbar tukunyar nan ta ƙasa mai faɗin baki. Ta zuba ƙaiƙayin shinkafa a ciki, ta shimfiɗa auduga, ta ɗora gashin, ta jera ƙwan. Ta ɗauki gawayi ta ɗiga wa kowanne baƙi a gefe ɗaya, don ta riƙa gane wanda ta juya. Ta kai kwatarniyar lungun ɗaki inda iska ba ta shiga. Ta zuba garwashi a kasko, ta lulluɓe shi da toka, ta ajiye gefe. In tana so ta san ɗumin ya yi daidai, sai ta ɗauki ƙwai ta ɗora a fatar idonta. In tana juyi kuma tana yi musu waƙa:

Juyi, juyi, 'ya'yan amana,
Ku kwanta dama, ku kwanta hagu.
Uwarku na ɗori a ƙetaren ruwa,
Ni Kuluwa ina nan, ba na gudu.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. A na huɗu zama ya fara isar ta. Ta leƙa ƙwan, ƙwai dai. Ta kasa kunne, shiru. Ta fita ta dawo, ƙwai dai.

A rana ta biyar sai ga Gizo. “Shalamu alaikum, uwar ɗakina! Yaya masu jego?”

Kuluwa ta ce, “Wane jego, Gizo? Saura kwana talatin cif.”

Gizo ya zagaya kwatarniyar, ya taɓa kaskon, ya girgiza kai. Ya ce, “Haba! Wannan ɗan ɗumin ne za ki zauna kina gadi wata guda? Ita Agwagwa don ba ta da wuta ne take daɗewa. Ke da Allah ya ba murhu? Lissafi ne mai sauƙi: in kin ninka wuta sau bakwai, kin rage kwana sau bakwai. Gobe war haka 'ya'ya na yawo a tsakar gida, Kaza na shara.”

Zuciyar Kuluwa ta ce mata kada ki yi. Gaggawarta ta ce mata gwada da biyu kawai. Ta ɗauki ƙwai biyu, ta kore tokar da ke kan garwashi, ta ajiye su dab da wuta, ta hura. Ba a jima ba sai ƙanshi ya tashi. Ɗaya ya ce ƙas, ya tsage. Kuluwa ta duba, ashe sun gasu.

Gizo ya ce, “Wayyo, ƙaddara! To kada a yi asara biyu.” Ya sure su, ya ɓare, ya lanƙwame, ya lashe ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya fice.

Kuluwa ta zauna dirshan a ƙasa ta yi kuka, ta yi kuka, har idonta ya kumbura. Ba wanda ya kashe 'ya'yan nan biyu sai hannunta. Ta share hawaye, ta mai da toka kan garwashi, ta dubi goman da suka rage ta ce, “Ko shekara za ku yi, zan jira.”

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. Safe ta juya, rana ta juya, yamma ta juya. Ta yayyafa ruwa, ta buɗe su sha iska kaɗan kamar yadda uwa kan tashi ta je kiwo, ta mayar ta rufe. Ko suya take yi a ƙofar gida, lokacin juyi na yi sai ta sauke kasko ta shiga. Masu sayen ƙosai su yi ta kira, ta ce su jira.

A rana ta goma sha biyar ta rufe ƙofar ɗaki, ta bar 'yar ɓula inda hasken rana ke shigowa kamar sanda. Ta riƙa ɗaukar ƙwan ɗaya-ɗaya tana karawa a hasken. Sai ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki, ga wani ɗan baƙin abu a tsakiya yana motsi. Kuluwa ta ce, “Allahu akbar, da rai!” Tara duk haka. Na goma kuwa ba jijiya, ba motsi, sai wani duhu-duhu yana gangarawa in an karkata shi. Baragurbi ne, wato ƙwan da ya lalace.

Ashe Gizo na manne a jikin ƙofa yana leƙe. Ya turo kai ya ce, “Na gani da idona! Waɗannan zaren da ke ciki, saƙar wa suka yi kama da ita?”

Kuluwa ta ce, “Sun yi kama da taka.”

Ya ce, “Madalla, kin faɗa da bakinki. Duk duniya wa ke irin wannan saƙa in ba ni ba? Ashe ƙwan nawa ne. Miƙo su, ko mu je gaban alƙali.”

Da Kuluwar da ce, da ta ɗauki muciya. Amma ta yi tunani, sannan ta ce, “Gaskiyarka, Gizo, masaƙi ba ya ɓata. Sai dai ga ɗaya nan da ka manta ba ka saƙa ba. Tafi da shi ka gama aikinka, in ka kawo na ga saƙa a ciki, sai in haɗa maka da sauran.”

Gizo ya karɓa yana murna a ransa, yana cewa ɗaya a hannu ya fi tara a kwatarniya. Ya ruga gida, ya shige ɗaki, ya rufe ƙofa don kada matarsa Ƙoƙi ta gani ta ce a raba. Ya ɗaga ƙwan saitin bakinsa, ya ƙwanƙwasa. Fus! Ƙwai ya fashe masa a fuska. Wari ya cika ɗaki, ya cika gida, ya tsallaka maƙwabta. Ƙoƙi ta fito da tsintsiya ta kore shi, kwana uku yana kwana a gindin bishiya, ƙudaje na yi masa rakiya.

Ku bar dariya haka nan, saura da yawa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kuluwa ta rame, idonta ya faɗa don gadin garwashi. Kaza kan biyo ta ƙofar gida kullum ta ce, “Yanzu-Yanzu, har yanzu?” Kuluwa ta ce, “Har yanzu.”

Da aka shiga kwana talatin da biyu ta daina juyi, ta ƙara yayyafi. Ranar talatin da huɗu da hantsi, tana zaune sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta leƙa. Ɗaya daga cikin ƙwan ya tsage, ɗan baki ya ɓullo, yana cewa cii, cii. Kafin azahar duk taran sun huda. Amma daga hudawar sai suka tsaya. Baki a waje, jiki a ciki, suna ta kuka.

Sai ga Gizo a bakin ƙofa, ya yi wanka ya sha turare. Ya ce, “Uwar ɗakina, ba ki da tausayi ne? Ji yadda suke kiranki! Numfashi ne ya ƙare musu. Sa farce ki ɓare, yanzu-yanzu, kafin su mutu!” Shi kuwa ya san ɗan da aka ɓare kafin lokacinsa jini yake zubarwa ya mutu, mushe kuma nasa ne.

Hannun Kuluwa ya miƙa da kansa. Har farcenta ya taɓa ɓawon, sai ta tuna da muryar Agwagwa. Ta janye. Suka ce cii, hannun ya sake miƙewa. Ta janye. Suka sake cewa cii, cii, hannun ya tafi a karo na uku. Sai Kuluwa ta ɗaga jikinta, ta sa hannayenta biyu a ƙasa, ta zauna a kansu daram.

Gizo ya ce, “Me kike yi haka?”

Ta ce, “Kwanci nake yi a kan hannuna. Su ma sai sun cika kwanansu.”

Gizo ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya yi kukan ƙarya. Kuluwa ba ta motsa ba. Hawaye na zuba, gumi na zuba, hannu ya yi tsami, tana zaune. Da ya gaji ya tafi yana tsaki.

Washegari da sassafe ɗan farko ya zagaye ɓawonsa da baki, ya tokare da ƙafa, ya faɗo waje jiƙe jagab, wuya kamar zare. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Kafin rana ta take, takwas sun fito, sun bushe, sun zama kamar curin auduga mai ruwan ɗorawa. Na tara ya ƙi. Ya huta, ya ƙwanƙwasa, ya huta. Kuluwa ta ɗiga masa ruwan ɗumi a bakin ɓawon, ta koma ta zauna a kan hannunta. Sai da aka kira la'asar sannan ya yi wani yunƙuri, ɓawo ya rabe biyu, ya mirgino. Shi ne mafi ƙanƙanta, da ɗan baƙin tabo a ka. Ta sa masa suna Tabo.

Kuluwa ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa, ayyururui! Maƙwabta suka cika gida. Kaza ta leƙo, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta sunkuyar da kai ta fara tonon ƙasa da sharar tsakar gida. Har gobe aikin da take yi ke nan.

To, ƙyanƙyasa daban, reno daban. Kuluwa ta gyara musu kwando da busasshiyar ciyawa kusa da kaskon ɗumi. Ta zuba musu ruwa a murfin tukunya marar zurfi, ta jera tsakuwa a ciki, yadda za su tsoma baki amma ba za su iya shiga ba. Ta jiƙa tsaki da dusa ta ba su, ta yanka ganyen zogale ƙanana-ƙanana, ta je ta fasa shuri ta kwaso musu gara. In rana ta yi ɗumi ta fito da su tsakar gida, ta kife su da babban kwando saboda shirwa. Duk inda ta sa ƙafa suna biye da ita a jere, suna cewa, “Inna, Inna!”

Rana ta huɗu ruwa ya ƙare a randa. Ta kife su, ta ce, “Ku zauna nan, kada ku kula kowa.” Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya.

Fitarta ke da wuya Gizo ya diro ta katanga. Ya ɗaga kwandon ya ce, “Sannunku, 'ya'yan sarkin ruwa! Ku da uwarku ke ratsa tafki, a ce an bar ku da ruwan murfin tukunya? Abin kunya! Ku zo ku ga gadonku.” Ya jawo kwatarniyar nan, ya juye mata ruwan sanyi na alwalar Kuluwa da na wanke-wanke har ta kusa cika, ya riƙa ɗaukarsu yana jefawa ciki. Sannan ya laɓe bayan rumbu da buhunsa yana jira.

Da fari 'ya'yan suka ji daɗi, suna iyo suna cewa cii. Amma ku sani, ɗan agwagwa da uwa ta ƙyanƙyashe, man jikinta ne ke shafar gashinsa ya hana ruwa shiga. Waɗannan ba su sami man ba. Gashinsu ya sha ruwa, ya yi nauyi, sanyi ya kama su. Suka nufi baki za su fita, santsi ya mai da su. Suka sake, ya mai da su. Kukansu ya fara ƙanƙancewa.

Kuluwa na can bakin rijiya, ta cika tulu ta ɗora a ka, mata na jan ta da hira. Sai ta ji gabanta ya faɗi. Ta kasa kunne, iska ta kawo mata wani siririn cii daga nesa. Jikokina, a nan ne saurin Kuluwa ya yi rana. Ta yar da tulu ya fashe, ta tattare zani, ta zura da gudu. Ta tsallake akuya, ta tsallake turmi, ta banke ƙyauren gida. Hannu biyu ta sa ta kwashe su, uku, uku, uku, ta zuba a cinyarta. Ta goge su da ɗankwali, ta kai su gaban kasko. Takwas suka fara rawar sanyi suna motsi. Tabo kuwa ya sanƙare, wuya ya langaɓe, ido a rufe.

Kuluwa ta ce, “A'a. Ban zauna a kan hannuna yini biyu don ka mutu a kwatarniya ba.” Ta cusa shi cikin rigarta a kan ƙirjinta, ta riƙa hura masa numfashinta, tana murza bayansa da ɗan yatsa. Ta hura, ta murza, ta hura, ta murza. Can sai ta ji ɗan ƙafa ya shure ta. Can kuma sai, “Cii. Inna, yunwa.”

Gizo na bayan rumbu ya ga abincinsa ya tashi. Ya naɗe buhu ya sulale, yana cewa, “Bari su ƙara ƙiba, ai gara ma haka.”

Ya bari sai da aka yi mako uku. Ranar kasuwa ya ga Kuluwa ta ɗauki kasko ta fita, ta ja ƙyaure. Ya ɗauko babban buhu, ya haura katanga, ya dira tsakar gida yana cewa, “Ina 'yan curin audugata?”

Abin da bai sani ba, 'yan curin auduga sun zama samari. Ƙafa ta yi ƙarfi, baki ya yi faɗi, kuma duk makonnin nan ba abin da suka koya kamar farautar ƙwari. Ƙuda bai tsira ba, gyare bai tsira ba, kyankyaso bai tsira ba. Suka ɗago kai gaba ɗaya suka dube shi.

Tabo ya ce, “'Yan'uwa, wannan ba shi ne ya koya mana wanka ba?”

Suka ce, “Shi ne!”

Ya ce, “Ƙafarsa nawa?”

Suka ce, “Takwas!”

Ya ce, “Mu tara ne. To kowa ya ɗauki ɗaya, ni a bar mini cikin.”

Gizo ya ce, “Ku tsaya, ni kawunku ne!” Ina! Suka yi kansa. Ya zagaya turmi, suna biye. Ya zagaya rumbu, suna biye. Ya shige ƙarƙashin tabarma, suka ɗage ta. Wannan ya cafki ƙafa, wancan ya tsinke hula, buhu ya tafi nasa wuri. Da ƙyar ya faɗa ɗaki, ya kama bango, ya haye can ƙuryar rufi ya manne yana haki. Su kuma suka zauna a ƙasa suka ɗaga baki suna jira. Kuluwa ta dawo ta same su haka, ta ɗaga kai ta ga Gizo, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Sauko mana, yanzu-yanzu!” Gizo ya ce, “A'a, uwar ɗakina, nan ma da iska.” Shi ya sa har yau a ƙuryar rufi kuke ganinsa.

Da wata biyu suka cika, sai ga Jaki ya tsaya a ƙofar gida, Agwagwa ta sauko tana ɗan ɗingishi, ɗori ya kama. Gari ya taru. Kuluwa ta fito, ta durƙusa a gabanta ta ce, “'Yar'uwa, kafin ki ga komai, ki ji laifina. Goma sha biyu kika ba ni. Ɗaya baragurbi ne, wannan daga Allah. Biyu kuwa ni na kashe su da gaggawata. Ki yafe mini.”

Agwagwa ta ce, “Saura fa?”

Kuluwa ta juya ta ce, “Ku fito.”

Sai ga su a jere, ɗaya, biyu, uku, har tara, ƙosassu, gashi na sheƙi, Tabo a ƙarshe yana taƙama. Agwagwa ta ƙirga. Ta ce, “Tara! Ni da na haife su, ban taɓa fitar da tara na raya tara ba. Ko Dila ya ɗauka, ko shirwa ta sura. Tashi, Kuluwa, na yafe miki duniya da lahira.”

Ta buɗe fiffike ta ce, “Ku zo, 'ya'yana.” Amma 'ya'yan suka ruga bayan zanin Kuluwa suka ɓuya, suna leƙe. Ba su san ta ba. Agwagwa ta sauke fiffikenta a hankali.

Kuluwa ta ga haka, ta ce, “Ku biyo ni.” Ta shige gaba, 'ya'ya na biye, Agwagwa na biye, gari na biye, har bakin tafki. Ta tattare zani ta shiga ruwa zuwa gwiwa, ta tsaya. Ta ce, “Iyakata ke nan. Daga nan sai uwarku.” Agwagwa ta sulala cikin ruwa, ta yi nutso, ta ɓullo can, ta kaɗa fiffike, ta yi kira irin nasu. 'Ya'yan suka tsaya cak. Tabo ya dubi Kuluwa, ta gyaɗa masa kai. Ya faɗa. Sauran suka faɗa. Suka jeru bayan uwarsu suka ratsa tafkin, mata na guɗa, maza na tafi, makaɗi ya saki ganga.

Da rana ta yi sanyi suka fito, suka karkaɗe jiki. Agwagwa ta nufi ciyawarta. 'Ya'yan kuwa suka kama hanyar gidan Kuluwa a jere, ko waiwaye babu. Agwagwa ta tsaya ta dube su, ta dubi ciyawar da Dila ke yawo a cikinta, sannan ta ce, “'Yar'uwa, gidan naki zai ɗauki mutum goma?”

Kuluwa ta ce, “Har da jikoki.”

Tun daga ranar agwagwa ke wuni a ruwa ta kwana a gidan mutane.

To kun ji, jikokina. Abin da Allah ya yanka wa kwanaki, ƙarin wuta ba ya rage masa ko ɗaya, sai dai ya ƙona shi. Akwai ranar da za ka zauna a kan hannunka, akwai ranar da za ka yar da tulu ka ruga, mai hankali shi ne wanda ya san wace rana ce ta same shi. Kuma in an ba ku amana, ku riƙe, in kun yi kuskure a cikinta ku faɗa da bakinku kafin a tambaye ku.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare. Wanda bai yarda ba ya ɗaga kai ya tambayi na ƙuryar rufi.